Ɓawon Gyada a Gindin Motar Doyle

A filin tseren motoci na garinmu, nan Karolina ta Arewa, ba a shiga da gyada mai ɓawo wurin da ake gyaran motoci. Direbobi sun ce tana jawo hatsari. Tun ina yarinya nake tambayar dalili, ba wanda ya taɓa gamsar da ni.

Bana yayana Doyle ne na biyu a jerin makin gasar, Wendell Haskew na gabansa. Duk Asabar sai mun tarar da ɓawon gyada a gindin motar Doyle. Sai ya hau shara yana zage-zage, in an fara tsere kuma ya riƙa taka birki tun bai kai kwana ba.

Ranar tseren ƙarshe na laɓe bayan tayoyi don in ga mai wannan aiki. Ashe Verna ce, matar Wendell, tana tafe tana zubarwa daga jakarta.

Da Wendell ya ɗauki kofi, na tare shi.

"Zakaran bana, tsakaninka da Allah, gyada na kifar da mota?"

Ya yi dariya. "Haba ƙanwata! Me gyada za ta yi wa ƙarfe? Wanda dai ke tunanin gyada a kwana, shi ake wucewa. Ki gaida yayanki."

"To madalla," na ce, na miƙa masa ɓawon da na tsinta. "Ungo, riƙe min."

Ya yi baya har ya bugi motarsa.

"Ke! Janye min abin nan, akwai tsere baɗi!"