Wasiƙar da Ban Gyara Ba

Shekara goma sha tara ina buga wa Manaja wasiƙu. Shi ya yi ta zuba yana zagaya teburinsa, ni ina dannawa. Mutum ne da ba ya iya haɗa jimla biyu bai zagi wanda ake rubuta wa ba. Sai ka ji ya ce, "Muna godiya da ziyararka, tsohon banza mai kan ƙwarya, kuma muna fatan ka sake dawowa." Ni kuwa in tsince tsakuwar in bar tsabar, in miƙa masa, ya sa hannu ko kallon takardar bai yi ba.

Rannan sai ga Injiniya, mai kula da kwamfutocinmu, da kwali cike da makirufo. Wai an sayo manhaja mai jin magana tana rubutawa, za a sa ta a kowace kwamfuta, daga ofishin sama har sito. Kwana uku yana bin tebur-tebur, yana sa mutane su karanta 'yan jimloli don ta saba da muryarsu. Da ya iso kaina sai ya hau sosa ƙeya.

"Yaya, ba kya cikin jerin."

A taron ma'aikata Manaja ya fayyace komai. Ya nuna ni da biro a gaban kowa, ya ce, "Ƙarshen wata mun huta da ƙwas-ƙwas ɗin wannan. Kafin nan ta riƙa liƙe mana ambulan." Aka kwashe da dariya. Wallahi har yau in na tuna sai na ji zuciyata na tafasa.

Injiniya, bawan Allah, ya ja ni gefe ya tambaya ko akwai abin da ya kamata ya sani game da yadda Manaja ke shifta. Na ce babu, ai mutum ne mai tsabtar baki.

Ranar Laraba firinta, wadda har lokacin a ɗakina take, ta turo takarda. Wasiƙa ce zuwa ga mai kamfanin da kansa. Manhajar nan kuwa ba ta san kara ba, duk abin da ta ji ta zuba: "Ranka ya daɗe, mun ji daɗin shawarwarinka, mutumin da in ba don gadon ubansa ba ko gadi ba za a ba shi ba, kuma za mu yi aiki da su nan take."

Na karanta sau biyu. Hannuna har ya nufi biro saboda sabo, na janye shi. Na kai wa Manaja, ya sa hannu yana waya. Na ninke ta uku, na liƙe ambulan ɗin sosai, har da bin bakinsa da babban yatsa.

Bayan kwana biyu ya kira ni. Ya rufe ƙofa da kansa, ya ce in zauna, abin da bai taɓa yi ba. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga sharkaf.

"Yaya, ki rufa min asiri. Ki ce ke kika buga, kika ƙara zagin don haushi. Faɗa kawai za a yi miki, ni kuma in tsaya miki. Kujerarki ba inda za ta, na rantse."

Ga aikina an miƙo min. 'Ya'ya uku gare ni a makaranta, kuma ban san inda zan nufa ba in wata ya ƙare. Na bar shi yana jira har sai da na ga ya fara sa rai.

"Ranka ya daɗe, da me zan buga? Tun Litinin ka sa aka ɗauke min kibod."

Mai kamfanin ya sallame shi, ni ma wa'adina ya cika. Rana ɗaya muka bar kamfanin, muka sauko matakala kowa rungume da kwalinsa. Nawa ba nauyi, kofin shayi ne da silifas. Nasa ya yage a hawa na biyu, tarkace suka watse har ƙasa. Ya durƙusa yana tattarawa, ya ɗago ya dube ni. Na tsallake hannunsa na wuce.