Lambar da Arvid Ya Karanta

Yayana Arvid Niemi shekara talatin da huɗu ya yi yana kula da injin manyan jiragen dakon tama a tafkinmu, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da aiki sai gyara wa mutanen garinmu Duluth kuskurensu. In ka sayi mota, ya san an cuce ka. In ka biya mai gyaran rufi, zai ce da ka tambaye shi tukuna. Ni ƙanwarsa Marlys na fi kowa shan wannan karatu, don gidajenmu a layi ɗaya suke.

Wata Talata da safe a watan Fabrairu sai ga shi ya faɗo kicin ɗina, ko takalmin ƙanƙara bai cire ba. Na zuba masa gahawa, ya ture ta gefe. Nan na san ba lafiya.

"Marlys, a ce wani abokina ne aka kira shi daga banki..."

"Abokin nan naka, sunansa Arvid?"

Ya harare ni, ya kalli silin, sannan ya saki zancen. Jiya da la'asar wayarsa ta yi ƙara, sunan bankinsa ya fito ɓaro-ɓaro a kanta. Wata mata mai ladabi ta ce wani yana ƙoƙarin sayen talabijin da katinsa a Miami, ko shi ne? Ya ce shi ko Miami bai taɓa takawa ba. Ta ce kada ya damu, yanzu za su toshe, sai dai za a turo masa lamba shida a waya, ya karanta mata don su tabbatar shi ne mai asusun.

"Ka karanta?"

"Na karanta."

"Yaya, a ƙasan saƙon ba a rubuta kada ka ba kowa lambar ba?"

"An rubuta. Har wannan layin na karanta mata. Ta ce ai ita ba kowa ba ce, ita ce bankin." Ya sosa ƙeya. "Har godiya na yi mata. Na ce a gaya wa manajanta ta iya aiki."

Da safe ya buɗe asusunsa a kwamfuta ya tarar an kwashe dala dubu tara da ɗari uku, kuɗin da ya shekara biyu yana tarawa don sayen sabon injin kwale-kwalensa na kamun kifi.

Gaskiya dariya ta zo mini har wuya, amma da na dubi fuskarsa sai na haɗiye ta. Na ɗauki makullin mota. Ya ce bari ya je gida ya sake riga, ya kuma yi tunanin yadda zai tsara maganar. Na ce ɓarayin ba jiran rigarsa suke yi ba, ya shiga mota.

A banki aka haɗa mu da wata ma'aikaciya mai suna Pakou Lor, ƙarama da ita, amma hannunta a kan kwamfuta kamar walƙiya. Arvid ya soma da tarihin aikinsa a jirgi, don ta san ba da sakarai take magana ba. Ta saurara na minti ɗaya ta katse shi.

"Mista Niemi, kai ne na huɗu a makon nan, kuma na biyun likita ne. Ƙarfe nawa suka kira?"

Nan take ta rufe asusun, ta soke katin, ta sa ya canza kalmar sirri. Da ta tambayi tsohuwar kalmar, ya faɗa a hankali: sunan karensa ne da shekarar haihuwarsa. Ta ci gaba da aikinta, ni ce na yi tari.

Ta duba ta ce kuɗin kashi biyu aka raba. Dubu biyu da ɗari uku sun bi ta wata hanyar tura kuɗi ta nan take, kuma ba ta son ta sa masa rai a kansu. Dubu bakwai kuwa wani asusu suka faɗa a wani banki nan cikin gari. Ta ɗaga waya ta kira sashen yaƙi da damfara na can, a gabanmu, suka yi magana kusan rabin awa.

"In kuɗin suna nan ba a cire ba, za su daskarar da asusun yau. Da ka kai gobe, da wani labarin ne."

"Asusun wane ne?" in ji Arvid. "Ki ba ni sunansa kawai."

"Ko na sani ba zan faɗa ba. Ku je wurin 'yan sanda ku shigar da ƙara, ku kawo mini lambar takardar."

A hanyar gida ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa ba. Na rantse. Mijina kawai na gaya wa, shi kuma ai ba kowa ba ne.

Washegari Laraba, ranar cin abincin yamma ce a ɗakin ƙasa na cocinmu. Arvid ya so ya noƙe, na ce rashin zuwansa ne zai sa a yi tambaya. Muka ɗebi dankali da ƙwallon nama muka zauna, sai ga Wendell Pokorny ya jawo kujera ya zauna daf da mu. Wendell tsohon mai sayar da taya ne, shi da Arvid tun suna makarantar sakandare suke musu a kan wanda ya fi kama babban kifi. Ranar fuskar Wendell a murtuke take.

"Bankunan nan 'yan rainin hankali ne," in ji shi, tun kafin a tambaye shi. "Mutum ya samu aiki da tsufansa, su toshe masa asusu."

Na ce, "Aiki kuma, Wendell? Kai da ko ciyawar ƙofar gidanka sai an roƙe ka?"

"Aikin zamani ne, daga kan kujera. Wani kamfani ne ya rubuto mini ta imel, suna neman wakili mai gaskiya a yankin nan. Abokan cinikinsu su turo kuɗi asusuna, in cire kashi biyar cikin ɗari, sauran in zuba a injin nan na kuɗin intanet da ke gidan mai. Shi ke nan fa. Na farkon ma ya shigo shekaranjiya."

Cokalin Arvid ya tsaya a hanya.

"To me ya hana ka cirewa tun jiya?" na tambaya.

"Motar share ƙanƙara ce ta binne mini ƙofar gareji. Na leƙa na ga tulin ya kai ƙugu, na ce wallahi ba zan karya bayana ba, kamfani ya jira. Sau tara suka kira ni. Yau ɗan maƙwabcina ya haƙe, na je banki, wai an daskarar, wai ana bincike."

"Nawa ne kuɗin?"

"Dubu bakwai cif."

Arvid ya ajiye cokali a hankali. Kunnuwansa sun yi ja wur.

"Wendell," ya ce, "kuɗina ne, kai tsohon banza."

Sai ga wanda ya sa ni rantsuwa yana ba da labarin da bakinsa, da muryar da ya saba yi wa ma'aikata tsawa a ɗakin inji, har masu wanke kwanuka suka leƙo. Da abin ya gama shiga kan Wendell sai ya dafe tebur, ya ce, "Wato ɗaure ni za a yi?" Daga nan bai ƙara taɓa abincinsa ba.

Abin da ya ba ni mamaki, Arvid ne ya ce zai raka shi. Da safe na kwashe su biyun a motata zuwa ofishin 'yan sanda, Wendell rungume da takardun imel ɗin da ya buga, Arvid yana gaya masa abin da zai faɗa da wanda ba zai faɗa ba, kamar lauya. Jami'in da ya karɓe mu ya ce ba a yi wani abin al'ajabi ba. Watanni baya an kutsa cikin imel ɗin ofishin coci an kwashi sunayen 'yan ƙungiyar dattawa da lambobinsu, kuma ɓarayin sun fi son asusun da ke gari ɗaya da wanda za su sata, don kada banki ya yi saurin zargi. Su kansu ɓarayin, ya ce, da wuya a ce suna ƙasar nan ma.

Ba a tuhumi Wendell ba, tunda da ƙafarsa ya zo kuma ko sisi bai taɓa ba, amma bankinsa ya rufe masa asusun da ya shekara ashirin da shi, aka aiko masa da wasiƙa ba ko gaisuwa. Bayan mako uku Pakou ta kira ta ce dubu bakwai sun dawo. Arvid ya kashe wayar, ya nemo lambar da ke bayan sabon katinsa ya kira da kansa, ya ce a haɗa shi da ita. Ta ce ta ji daɗin wannan wulaƙanci ƙwarai. Sauran dubu biyu da ɗari ukun an yi ta rubuce-rubuce har watan Afrilu, ba su dawo ba. Injin gwanjo ya saya.

Bayan Ista fasto ya roƙi Arvid da Wendell su yi wa ƙungiyar dattawa bayani. Mutum talatin da wani abu suka zo. Minti goman farko musu suka yi a kan wanda ya fi wauta. Arvid ya ce shi sau ɗaya aka yaudare shi, a minti biyar, Wendell kuwa mako biyu ya yi yana ɗaukar kansa ma'aikaci. Wendell ya ce da ba don ƙyuyarsa ba da yanzu wani yana tuƙa kwale-kwale da hannu. Aka yi ta dariya.

Can sai Misis Aune, mai kaɗa mana molon coci, ta ɗaga hannu daga baya. Ta ce bara an yi mata irin wannan, dubu huɗu, ko 'ya'yanta ba ta gaya wa ba saboda kunya, kuma ba ta je banki ba sai bayan kwana goma. Sai wani hannun ya tashi, sai wani. Biyar na ƙirga.

Arvid ya sauko daga gaban allo, ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya ce ta soma daga farko, ƙarfe nawa suka kira. An tsara taron na awa ɗaya ne, amma sai da mai gadin coci ya zo yana kaɗa makullai muka watse.