An Ce In Yi Murmushi

…to ai na ƙifta. Na ƙifta ido, na juya dama, na juya hagu, wuyan ma da ƙyar. Yanzu kuma wai in yi murmushi.

Kin gani, uwar 'ya'yana, sabuwar waya ce, ba ta san ni ba. Tsohuwar ta fashe ranar da na faɗi a bakin famfo, ranar da ɓarin jikin nan ya shanye. Saƙonninki na murya kuwa suna can ajiye a asusuna na intanet, duk waɗanda kika turo kafin ki rasu… "Maigida, ka taho da albasa, kuma ban ce ruɓaɓɓiya ba." Shi kaɗai nake son ji. Na albasar.

Lambar sirri na tuna ta sarai. Masu kula da asusun suka ce ba ta isa ba, sai an gwada fuskata da hoton da na ba su a da. Hoton nan — ke kika riƙe wayar, kina cewa saki ranka mana, sai ka ce wanda aka kawo wa sammaci. Na yi dariya, kika ɗauka.

Ban ga laifinsu ba. Aikin maigadi ke nan. Da wani ne ya zo da baƙuwar fuska yana neman muryarki, ai ni zan fara cewa a kore shi.

Murmushi. Dama ta tashi. Hagu… hagu tana nan a saɓule, kamar rigar da ta zame daga kafaɗa. Wane ne wannan cikin da'irar da ke fuskar wayar? Idon nan mai zubar da ruwa, alhali ba kuka yake ba?

Auta ta cire madubin ɗaki, wai za a kai gyara. Madubi, gyara? Ga ƙusar nan, ga shatinsa a bango. 'Yan dubiya kuwa — "Baba, ai ka warware, fuska ta dawo tsaf!" Ƙanena har da rantsuwa. Na yarda. Wallahi na yarda…

"Ba mu iya tabbatar da cewa kai ne ba." Cikin ladabi. Saura gwaji ɗaya su rufe asusun.

In kira Auta? Tana kicin, ina jin ƙarar cokali. Tana shigowa za ta san na gani. Duk wahalar da ta sha wajen ɓoye madubin…

Ke fa? Da za ki shigo yanzu, kai tsaye za ki zo ki gyara mini hula, ko za ki tsaya a bakin ƙofa ki yi sallama irin wadda ake yi wa —

A'a. Bari hannun ya huta tukuna. Da'irar tana jira. Mutumin ciki ma yana jira, yana kallona da rabin fuska, kamar shi ma bai tabbatar ni ne ba.