Harshen Babur

Sabi'u na taka babur ɗinsa ke nan, Zuhaira ta saki kwanon fura ta ruga bayan rumbu, ta toshe kunnuwa.

Sati uku ke nan. Tun ranar da wasu mutane a kan babura suka tare motarsu a hanyar Belbeji, suka harbe kawunta Abdulgafar a gabanta, 'yar shekara bakwai ɗin ba ta jure ƙarar babur. Shi kuwa mahaifinta Sabi'u kabu-kabu yake yi a Tanut. Da babur gidan ke ci.

"Malam, ka sayar da shi ka koma gona," in ji matarsa Sakinatu. "Yarinyar nan ta ƙi zuwa lakwal karatu, ta ƙi abinci."

"In na sayar da nawa, na sauran garin fa? Sun raba mu da Abdulgafar. Ba za su raba ni da 'yata tana raye ba."

Da ƙarfi ya faɗa, sannan ya kwance buji, wato fulogin babur. Ya je bayan rumbu ya durƙusa.

"Uwata, miƙo hannu."

Ya ɗora mata ɗan ƙarfen da sauran ɗuminsa.

"Wannan shi ne harshen babur. Leƙo ki gani."

Ya koma ya taka, ya taka, har zufa ta jiƙa masa riga. Babur ko tari.

"Kin gani? Ƙaton banza. Ba ya magana sai kin yarda."

Ta daɗe tana juya bujin. "Nasu ma haka?"

"Nasu ma."

"To, ba zan bayar ba."

Sakinatu ta yi dariya, karon farko tun zaman makoki. "Kai ka jawo wa kanka."

Haka ya wuni a gindin bishiyar bedi, yana jin abokan sana'a na wucewa da fasinja. Bai roƙe ta ba.

Bayan azahar ta fito da bujin a ƙulle a bakin zane.

"Baba, ni zan ce ka taka."

Ta miƙa masa, ya ɗaura. Ta ja da baya, ta damƙe zanen uwarta.

"Taka."

Babur ya yi ruri. Ta runtse ido, kafaɗunta suka ɗaga, amma ƙafafunta ba su motsa ba. Ya kai bakin ƙofa sai ya ji muryarta ta hau bisa ƙarar.

"In ka dawo, ka maido mini abuna!"