Daga Gat Sai Ina?

…kuma ai ba ƙarya take masa ba, ko kusa. Hanyar dai sun bi ta, ita da shi, shekarar saba'in da bakwai, tana amarya, yana direban Landirofa mai kai alhazai ta ƙasa. To ina ƙaryar? Lubabatu tana gyara wa mijinta Gwadabe matashi, tana miƙa masa faifai. Ya riƙe hannu biyu — sitiyari ke nan. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, na ta ruri a bango, tsohon banza, sanyin ma babu, amma tunda shi ne injinsu ta yafe masa.

Da safe bai san ta ba. Tsufa ya kwashe masa tunani kaf. Wai baiwar Allah, ina matata ta shiga? Ita da ta haifa masa 'ya'ya a ɗakin nan na unguwar Karantina a Jidda, ita ce baiwar Allah! Amma da zarar faifai ya shiga hannunsa ta ce Agadas, sai ido ya dawo, ya ce Luba, riƙe da kyau. Luba… a mota kaɗai take Luba. Shi ya sa kullum bayan la'asar sai sun kama hanya.

Sun kai Tamanrasat yanzu. Duwatsu baƙaƙe kamar turame a kife — sanyi, wayyo sanyi! Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta a gaban alhazai, ko kunya, haƙoransa na kaɗawa yana cewa shi zafi yake ji. Maƙaryaci. Allah ya sani tana son maƙaryacin nan, son da ba ta taɓa faɗa masa da baki ba. Buzayen da suka tare su da shayi a gindin dutse… shayi! Ta ɗora ruwan? Ta ɗora. Ko ba ta ɗora ba?

Autarta Khadijatu ta leƙo ɗazu da Hausarta rabi-da-rabi, wai halas ya Ummi, ki daina wahalar da kanki, ki gaya masa an iso. An iso! Yaro man kaza. Sau ɗaya Lubabatu ta kai shi har Suwais, ta sa shi jirgin ruwa, ta sauke shi Jidda. Ya ajiye faifai, ya dube ta, ya tambaye ta wace ce. Tun ranar ba ta ƙara bari sun iso ba. Ta ƙara ƙauye, ta fasa taya, ta sa rairayi ya riƙe su — ina ruwan wani? Mota tasu, hanya tasu.

"Garin Janet mun wuce?"

"Mun wuce, Alhaji. Ga Gat can."

Gat… garin ƙasa a jikin dutse, lunguna matsattsu irin na cikin birnin Kano, da tsohuwar nan mai dabino da ta ce mata sannu da zuwa da Hausa tsaf, har ta fashe da kuka a tsakiyar kasuwa, shi kuwa yana dariya yana cusa mata dabino a baki. Lokacin haƙoransa duk suna nan. Yanzu baki ya lotsa, dariyar ce dai ba ta tsufa ba. Ga shi yana murza faifai hagu, yana kauce wa rami a kan tabarma.

"Daga Gat sai ina, Luba?"

Daga Gat sai… sai… akwai garin nan mai rijiya, ruwan da gishiri-gishiri — a'a, wannan kafin Janet ne. Ko bayan? Jiya sunan yana bakinta. Sabha? Ai akwai wani kafin Sabha, inda taya ta fashe da gaske. Innalillahi. Wa za ta tambaya? Alhazan motar duk sun riga mu gidan gaskiya. Yaran ko Agadas ba su iya faɗa daidai ba. Shi ya zubar da hanyar, ita ta tsince; in ita ma ta fara zubarwa fa? Wa zai tsince? Wa zai ƙara mayar da ita Luba?

Yana jira. Ƙafarsa na laluben birki, idonsa a kanta, ko ɗigon shakka babu.

"Mu ɗan tsaya nan, Alhaji. Na gaji."

Ya karkata faifai gefe a hankali, don kada ta ji girgiza. Ya ɗora hannu a gwiwarta.

"To huta, Luba. Ai ke kika san hanya."