Alwalar Dada

"Dada! Me kike yi haka?"

Juwairiyya ta tsaya cak da bokiti a hannu. Tsohuwar na tsugune gefen durom ɗin tarar ruwan sama, ta warware bandejin hannunta ta rataya a wuya kamar gyale, tana kwarara ruwan buta a kan jan nama.

"Alwala nake. Ko ita ma an hana a Fegge?"

Dada ce mai ƙosan layinsu a unguwar Fegge ta Onitsha. Kaskon mai ne ya tuntsure mata a hannun dama, daga tsintsiya har gwiwa. Ɗanta direban tirela ne, kullum yana hanya, don haka maƙwabciyarta Juwairiyya ce ta ɗora ta a okada zuwa ƙaramin asibitin unguwa. Ba a kwantar da ita ba. Nas ta shimfiɗa wani ƙyalle mai ruwan toka a kan ƙunar, ta ce akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta a jikinsa, sannan ta naɗe. Ta ja kunne sosai: kada ruwa ya taɓa, kada kowa ya buɗe sai ita. Juwairiyya haifaffiyar Onitsha ce, ita ta mayar wa Dada maganar da Hausa, Dada kuwa ta yi ta gyaɗa kai kamar ta ji.

"Ai liman ya ce ki jiƙa hannu ki shafa a kan bandejin, ya wadatar," in ji Juwairiyya.

"Shafa ta masu karaya ce, 'yar nan. Tun ina budurwa nake wanke hannun nan. Yanzu da na kusa tafiya zan tsaya gaban Ubangiji da busasshen tsumma?"

Ta mayar da jiƙaƙƙen ƙyallen, ta naɗe da haƙori da hannun hagu, ta ta da kabbara.

Ranar komawa asibiti nas ta buɗe, ta ɗan kawar da fuska. Gefen ƙunar ya kumbura, ga wari. Ta dubi Juwairiyya, ta tambaya da Turanci ko Dada na buɗewa a gida.

"Mama dey open am for house?"

Dada ba ta jin Turanci, amma ba a yi mata gulma da ido. Ta miƙo hannun hagu ta ƙarƙashin mayafi, ta mintsini cinyar Juwairiyya. Wannan hannun ne ya yi mata wankan jego lokacin da uwarta ke can Kano. Wa zai tona asirin tsohuwa a gaban bare?

"She no dey open am," in ji Juwairiyya, ta musa, idonta a ƙasa.

Nas ta ce wataƙila ciwon sugan Dada ne ke hana ƙunar kamewa. Ta sa sabon ƙyalle, ta ba su ƙwayoyi. A kan hanya Dada ta yi ta dariya tana yabon Juwairiyya, har ta sayi ayaba ta ba ta tukwici. Juwairiyya ta ci, ta kuma ji daɗin yabon. Abin da ya fi ci mata rai ke nan daga baya.

Zazzaɓi ya zo da ƙarfinsa. Dada ta fara kiran mutanen da suka daɗe a ƙasa, tana tambaya ko an jiƙa wake. Ko da suka isa babban asibiti, likita ya ce cutar ta shiga jini. Nan Juwairiyya ta faɗi gaskiya duka, da Turanci da Igbo, ba wanda ya tambaye ta. Dada ta cika kafin ɗanta, da ke hanyar zuwa, ya wuce Lokoja.

Gwaggo Dije ce ke wankan gawar mata a unguwar, Juwairiyya na zuba mata ruwa. Suka fara da alwala. Da aka zo hannun dama Gwaggo ta ɗaga shi a hankali, ta duba farin bandejin asibiti, ta girgiza kai.

"Wannan ba zai ɗauki ruwa ba. Shafa za a yi. Zo ki yi mata, ke ce 'yarta."

Juwairiyya ta ajiye butar. Ta tsoma tafinta a ƙwarya, ta yarfe, ta shafa daga tsintsiyar hannun har gwiwa. Danshin yatsunta ya kwanta a kan farin ƙyallen, kafin Gwaggo ta kai ga shafar kai ya bushe.