Matakala Nawa?

Ni ne mai shimfiɗa jan kafet a filin jirgin samanmu, kuma kada wani ya yi dariya, aiki ne. Duk sarki ko shugaban ƙasar da ya sauka a nan cikin shekara goma sha tara, a kan abin da na shimfiɗa ya fara ɗora ƙafa. Sai dai kafet ɗina ba shi da amfani sai motar matakala ta manne da ƙofar jirgi, don daga gindinta nake farawa. Mai tuƙa motar ɗan ƙanwar babana ne, abokin wasana, wanda duk filin ke kira Sannu-Sannu saboda yadda yake lallaɓa ta kamar ya ɗauko ƙwai.

Shekara ashirin da shida yana manna matakala a jikin jirage, ko fenti bai taɓa kankarewa ba. Saura masa wata huɗu ya yi ritaya, kuma burinsa ɗaya ne tak, ya miƙa makullin nan da hannunsa ranar da wa'adinsa ya cika, ba a ƙwace masa ba.

Matsalar idonsa ne. Tun bara ya fara gani dishi-dishi. Babban abu yana gani, jirgi ai ba ya ɓuya, amma bakin abu, inda dakali ya ƙare ƙasa ta fara, wannan ya ɓace masa. In za mu hau benen da muke cin abinci, sai in ga leɓensa na motsi, yana ƙirga matakala a ransa. Ni kaɗai na sani, ko matarsa bai faɗa wa ba. Dabarar da muka yi ita ce, in zai matso da mota sai in tsaya ƙarƙashin ƙofar jirgi da jan ƙyalle a hannu kamar mai shirin goge wani abu. In na ɗaga ya matso, in na sauke ya taka birki. In doka za a bi, ni da shi duk korarru ne, kuma ba sai an faɗa mini ba.

Ana haka aka ce wani sarki daga ƙetare zai kawo ziyara, dattijo mai shekara tamanin da ɗoriya. Daga ranar barci ya ƙaurace wa filin. Mai kula da tsare-tsaren manyan baƙi wata mata ce da muke kira Hajiya Minti-Biyar, don komai ta sa ka, sai ta ce minti biyar ta ba ka, ko da gini ne. Rediyon oba-oba biyu na magana da ma'aikata take riƙewa, kuma ban taɓa ganin ta zauna ta ƙare shayi ba.

Mako guda kafin ranar, mutanen sarkin suka iso don share fage. Sun auna tsawon kafet ɗina da tef, har da shinshina shi, wai ko yana wari. Sun auna tazarar da ke tsakanin jirgi da motar farko, sun yi gardamar awa guda kan wanda zai tsaya dama da wanda zai tsaya hagu, sun sa aka shafa farin fenti inda tayar gaba za ta tsaya. Sau biyar muka yi gwaji da wani ƙaramin jirgi irin nasu, wani ƙaton akawu yana saukowa a matsayin sarki yana ɗaga mana hannu, har abin ya fara shiga kansa.

A cikinsu akwai wani tsoho mai farin gashi da bai sa baki a gardamar kowa ba. Da aka watse ya zo wurin motar, ya tambayi Sannu-Sannu ta bakin tafinta, "Matakala nawa ce?"

"Goma sha bakwai."

Bai yarda ba. Ya hau yana ƙirgawa, ya sauko yana ƙirgawa, ya sake hawa, sannan ya rubuta a ɗan littafinsa ya ja layi biyu. Washegari ya koma ƙasarsu don ya rako ubangidansa.

A ranar dai, yana juya baya na ce, "Ka ga rashin aikin yi? Gobe ƙusoshi za su ƙirga."

Taubashina, shi da ba ya barin magana ta faɗi ƙasa, sai kawai ya bi tsohon da kallo.

Ranar saukar, ƙarfe goma aka ce. Sai aka ce sha biyu. Sai aka ce a'a, sha ɗaya, kowa ya ruga ya tsaya, sai kuma aka ce ƙarfe biyu. An rufe filin tun safe, ba tashi ba sauka, fasinjoji sun manna fuska a gilashin zauren jira suna hararar mu kamar mu muka haifi sarkin. 'Yan badujala na tsaye a rana, mai babbar ganga ya yanke jiki ya faɗi aka ja shi gefe. Na share kafet, iska ta watso yayi, na sake sharewa. Na kasa zama, na kasa tsayuwa, fitsari ma ya matse ni amma ba halin matsawa.

Ana wata ga wata. Ɗaya da rabi Hajiya ta fito da gudu, oba-obanta biyu na kuka tare.

"Sun canza jirgi! Ƙaramin ya samu matsala, babban suka taso da shi. A matsar da alamar taya, a ja motoci baya. Mai kafet, ƙaro guntu. Minti biyar!"

Duk gwajinmu da ƙaramin jirgi muka yi. Babban kuwa ƙofarsa tana can sama, kuma rabon Sannu-Sannu da irinsa tun idonsa na lafiya. Na leƙa tagar motar.

"Bawana, za ka iya? In ba za ka iya ba, ka ce cikinka ya murɗa, a kira wani."

"Kai dai ka riƙe tsummanka da kyau, ɗan shara. Yau ka fara gani na?"

Ya faɗa da dariya, amma sitiyarin ya jiƙe da gumin hannunsa.

Jirgin ya sauko, ya taho yana ruri har tayarsa ta hau farin fenti. Injin ya mutu. Injiniya ya je ya soka wayar kunnensa a jikin tayar gaba, ta nan yake magana da matuƙi. Na tsaya ƙarƙashin ƙofa na ɗaga ƙyalle. Motar ta taho, tana ɗaga matakala sama, ƙarfen kulle yana ƙas, ƙas, ƙas, don duk matakalar da ta fito daga cikin 'yar'uwarta sai ya yi ƙara sau ɗaya. Ina ta addu'a har na rasa wadda nake karantawa. Na sauke ƙyalle, ya taka birki. Robar bakin matakala ta taɓa jikin jirgin a hankali, ko takarda ba za ta shiga tsakani ba. Na ce alhamdu lillahi, na durƙusa na fara warware kafet.

Sai na ga takalmin Sannu-Sannu a gabana. Direba ba ya fitowa a irin wannan lokaci, ƙa'ida ita ce ya duƙa a cikin mota kada kyamara ta ɗauke shi.

"Ƙas goma na ji," ya ce.

"To sai me? Koma ciki!"

"Sha biyu na ƙasa ba sa canzawa. Da ƙaramin jirgi biyar ke fitowa, yau goma suka fito. Ashirin da biyu ke nan."

"Ka zama malamin lissafi? Koma, don Allah!"

"Sha bakwai aka faɗa wa sarkin. Mutumin nan ba ya ganin bakin matakala, ƙirgawa yake. In ya kai sha bakwai zai miƙa ƙafa kamar ya iso ƙasa, alhali saura biyar."

Nan take na gane, kuma na gane abin da zai biyo baya. Wallahi ba sarkin na tausaya wa ba a lokacin. Haushi ne ya kama ni.

"Yana da mutum arba'in a bayansa, har da mai riƙe masa tabarau. Ba ruwanka. In ka buɗe baki za a tambaye ka yadda ka sani. Wata huɗu fa, taubashi!"

"Ba mai taɓa shi a gaban kyamara, kai ma ka ji sun faɗa."

Ya wuce ni ya nufi Hajiya, wadda ke tsaye a gindin fiffike tana jiran a buɗe ƙofa. Na bi shi da kafet rabi a warware.

"Hajiya, a gaya wa na ciki matakala ashirin da biyu ce, ba sha bakwai ba."

"Baba, me ya fito da kai? Koma mota!"

"Ranki ya daɗe, a faɗa wa tsohon nan mai farin gashi kafin a buɗe."

"Shugaban ƙasa na tsaye a rana, in tsayar da ƙofar sarki saboda lissafi? Wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"To ka ɓace mini da gani."

Can sama hannun ƙofar ya fara juyawa. Na ja rigarsa, ya fizge. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Hajiya, ba mai ƙirga matakala sai wanda ba ya ganin bakinta. Ni na sani. Shekara guda ke nan ina ƙirgawa."

Ta dube shi. Ta dubi motar da ya manna a jikin jirgin sarki yanzun nan. Ta dubi jan ƙyallen da ke hannuna, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Matar nan ba wawuya ba ce, a daƙiƙa biyu ta haɗa komai. Ta cire takalmanta masu tsini ta ruga wurin injiniya.

"Ce wa matuƙi a dakata da ƙofa. Ya gaya wa dattijon da ke tare da sarki, ashirin da biyu. Haka kawai, zai gane."

Hannun ƙofar ya tsaya. Minti guda cur ba abin da ya motsa a filin nan sai tutoci, manya na kallon juna, ni kuma ina ƙarasa kafet. Sannan aka buɗe, badujala ta ɗauka.

Sarkin ya fito, ɗan siririn tsoho cikin fararen kaya, kansa a miƙe, yana murmushi wa jama'ar da na tabbata ba ya gani. Ya dafa ƙarfen gefe ya fara saukowa. Daga inda na rakuɓe ina hango leɓensa na motsi, ni ma na tsinci kaina ina ƙirgawa. A ta sha bakwai ya ɗan tsaya, ƙafarsa ta yi kamar za ta miƙe gaba. Sai ta sauka ƙasa, ta lalubi ta sha takwas. Da ya taka kafet ɗina aka yi ta tafi, aka gaisa, aka shiga motoci. Tsohon mai farin gashi ya tsaya ya ɗan rusuna wa Hajiya don godiya. Ko kallon motar matakala bai yi ba, kuma har yau abin na ci mini rai.

Da jerin motocin ya fice aka buɗe filin, Hajiya ta zo ita kaɗai, takalmanta a hannu. Sannu-Sannu na zaune a kan matakalar ƙasa.

"Baba, ka san ba zan iya yin kamar ban ji ba."

"Na sani. Wata huɗu ne dai ya rage."

"Ko minti biyar ba zan iya ba ka ba. Rayukan mutane ne."

Ya ciro makullin daga ɗamararsa. Ta fara miƙo hannu, sai ta mayar da shi baya.

"Ba karɓa zan yi ba. In ka shirya, kai za ka ba ni."

Ya jujjuya shi, ya cire ɗan zoben robar da ya ɗaura masa tun shekarun baya, ya miƙe tsaye ya gyara hula, sannan ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa da hannu biyu. Ni kuwa ta ce mini, "Kai kuma, tsumman nan ka yar da shi kafin in gan shi."

A babur ɗina na kai shi gida kafin la'asar ta yi sanyi. Duk hanya ina ta faɗa, na zage shi, na zagi sarkin, na zagi wanda ya ƙera ƙaramin jirgin da ya lalace. A hawa na biyu suke zaune, matakala sha uku. A gindin benen ya tsaya yana tunanin yadda zai faɗa wa matarsa, sannan ya dafa bango ya fara hawa, yana ƙirgawa da ƙarfi, abin da ban taɓa jin ya yi ba.

"Ɗaya. Biyu. Uku."

Ƙofa ta buɗe a sama, matarsa ta leƙo da ludayi a hannu. Ta ga rana ba ta faɗi ba ga shi ya dawo, ta ga ba makulli a ɗamararsa.

"Bakwai. Takwas."

"Ta tara ta fashe a gefe, bi ta jikin bango," ta ce.

Ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun da na daina matsar da kujeru. Hawo, ruwan wankanka na kan wuta."

Ya bi ta jikin bango, ya ce tara.